Na haɗa kwamfuta a ƙaramin akwati, tana kaiwa digiri 95 ta ɗauke: ina mafita?

Mai Turi Daga Taura:

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena da kuka daɗe a harkar kwamfuta, shawararku nake nema, kuma zan faro daga tushe don kada in bar ku da tambayoyi.

Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Taura ta jihar Jigawa. Ina da ɗan shago a bakin hanya, ginin ƙasa da rufin kwano, babu silin. Sana'ata buga takardu, hoton fasfo, katin ɗaurin aure, da tura karatun malamai a waya. Bana na ƙara da haɗa bidiyon biki da na saukar Alƙur'ani, domin yanzu ko a ƙauye ba a son a watse daga taro ba a ɗauka ba. Ranar Lahadi nakan ɗaure kayana a bayan babur in nufi kasuwar Gujungu, kuma cinikin wannan rana guda yakan fi na kwana uku a shago.

Shekara huɗu da laftof nake aiki, biyu suka mutu a hannuna. Ta farko gilashinta ne ya tsage a hanya. Ta biyu lafiya lau ta kwana, da safe ta ƙi tashi. Mai gyara ya ce madabod ne, wato babban farantin da komai ke jone a kansa, kuma furosesar, ƙwaƙwalwar kwamfutar, a like take da shi, ba a cire ta a sa a wani. Wata bakwai na yi ina tara kuɗinta. Tun ran nan na ƙudurta cewa ta gaba da hannuna zan haɗa ta, irin ta tebur, wadda in abu ɗaya ya lalace shi kaɗai za a canja. Amma babban akwati ba zai hau babur tare da monita da firinta ba, shi ya sa na nemi ƙarami.

Da na sayar da riɗina da rago ɗaya, na shiga Kano na haɗo kaya. Furosesa Ryzen 5 5600G, don tana da na'urar hoto a cikinta, ba sai na sayi katin hoto daban ba. Madabod ƙarami, Mini-ITX, santimita 17 kowane gefe, samfurin A520. Ram, wato ma'ajin wucin gadi na aikin da ake kan yi, DDR4 sanda ɗaya mai giga 16. SSD, ma'ajin fayil mai sauri, ɗan siriri irin M.2 mai giga 512, da hadis, wato ma'ajin fayil mai faifai, ƙarami irin na laftof mai tera 2 don ajiyar karatu da bidiyo. Akwatin ba shi da suna a jikinsa, ya zo da tasa 'yar doguwar pawa a ciki, wato na'urar da ke raba wa kayan wuta. Na auna shi da tef ɗin tela: tsawo santimita 30, faɗi 22, kauri 8. Yana shiga jakar goyo har da sauran wuri.

Haɗawar ta ci min yini biyu. Sau uku ina ɗaure madabod ina kwancewa. Karon farko na manta farantin bayan nan mai ramukan USB, wanda dole shi ake fara mannawa. Karo na biyu na gane cewa gurbin SSD a bayan madabod yake. Karo na uku wayar furosesa mai baki takwas ce ta ƙi shiga, yatsana bai isa lungun ba sai da na ɗaga fankar. Duk da haka, da na danna maɓalli na ga ta kawo, na yi wa Allah godiya ƙwarai.

Ga matsalar. In rubutu nake yi ko hoton fasfo, zafin furosesa yana tsayawa wajen digiri 60. Amma in na sa ta fitar da bidiyo da rana, misalin ƙarfe biyu, ko minti biyar ba a yi take kaiwa 95, aikin ya koma tafiyar hawainiya, 'yar fankar pawa ta riƙa ihu, can sai komai ya ɗauke ɗif. Murfin sama kuwa hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Makon jiya sau biyu ta yi min haka a kan bidiyon saukar wata islamiyya, malamin yana zaune a benci yana jira, na rasa inda zan sa fuskata.

In na cire murfin na juyo mata fankar tebur, ba ta wuce 80, kuma ba ta ɗaukewa. Haka nake lallaɓawa yanzu. Sai dai kwana shida kacal ƙura ta yi wa madabod lulluɓi, jiya kuma na tarar da tsaka a kwance kusa da ram.

Shin in ci gaba da barin ta a buɗe? Ko fanka zan canja? Ko kuwa tun farko akwatin ne kuskure, in haƙura in nemi babba? Da sola nake aiki, batir ɗaya da ƙaramar inbata, don wutar layi sai a yi kwanaki ba mu gan ta ba. Allah ya saka wa duk wanda ya ba ni lokacinsa.

Tsohon Mai Gyara, Kano:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi wa nema albarka. Tun zamanin Pentium 4 nake buɗe cikin kwamfuta, kuma ina gaya maka kayan da ka zaɓa ba su da laifi. Wanda ya ba ka shawarar 5600G ya san abin da yake yi. Abu ɗaya ne ba ka auna ba: tazarar da ke tsakanin fankar furosesa da murfi.

Fankar da AMD, kamfanin da ya ƙera furosesar, ke sakowa a kwalin wannan furosesa ta haura milimita 50 a tsaye. Ƙara ƙafafun da madabod ke zaune a kai, ƙara kaurin madabod da gurbin furosesa, za ka ga a akwati mai kaurin santimita 8 abin da ya rage kaɗan ne. Wannan fanka daga sama take jan iska ta tura ƙasa cikin ƙarfen sanyaya da ke zaune a kan furosesar. In murfin da ke kanta babu huji, me za ta ja? Iskar da ta riga ta ɗumama ita za ta yi ta juyawa, kamar a rufe mutum a ɗakin gashin burodi a ba shi mafici. Ka gwada da kanka. Kashe ta, cire waya, ɗora ɗan curin cingam a bakin zoben fankar, rufe murfin, sake buɗewa, ka auna kaurin da cingam ɗin ya koma. In bai kai faɗin ɗan yatsa ba, ka ga ɓarawonka.

Sannan ka lura da wani abu. Digiri 95 shi ne iyakar da aka yanka wa wannan furosesa. In ta kai nan ba kashe kanta take fara yi ba, rage gudu take yi, shi ne nauyin da ka gani. Ɗaukewar nan ɗif, ni pawa nake zargi. Irin waɗannan 'yan dogayen da fanka mai santimita 4 suke zuwa, kuma daga cikin akwati suke jan iska. Duk zafin da furosesa ta fitar, ta cikin pawa yake bi. In ta gasu sai ta yanke don kare kanta. Mai kyau ce ma ke yankewa, marar kyau sai ka ji ƙauri.

Abin da zan sa ka yi shi ne ka kai murfin nan wurin mai walda, murfin kaɗai, kwamfutar tana gida. Ka zana masa da'ira daidai saitin fankar, daidai faɗinta, ya yanke ko ya yi huji masu yawa kusa da kusa. A goge bakin da fayil, ka wanke murfin, ya bushe sarai. Ɓurɓushin ƙarfe ƙwaya ɗaya in ya faɗa kan madabod ya isa ya jawo maka asara. Ka sa raga a hujin. Bayan haka ka nemi fanka mai santimita 6, ko biyu masu 4, ka ɗaura a gefe tana fitar da iska waje. Iska hanya take so, ƙofar shiga da ƙofar fita. Wayoyin da ka cusa a tsakiya ka ɗaure su ka kwantar a gefen pawa.

Ka ce ka ɗaga fankar ka mayar. Ka sa sabon man furosesa, wanda ke miƙa zafi daga furosesa zuwa ƙarfen sanyaya? Man da ke zuwa a shafe a ƙasan ƙarfen na ɗorawa ɗaya ne. Da ka ɗaga, ya yage, iska ta shiga tsakani. Ka goge duka fuskokin biyu da auduga da sifirit na kemis, ka ɗiga sabon man furosesa kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure notin huɗu a gicciye, kaɗan kaɗan, ba ka gama da ɗaya kafin ka taɓa sauran ba. Kada wani ya ce ka sa man goge baki ko giris, na sha gani, ba ya ƙarewa da kyau. Kuma ka yi hattara wurin cirewa: furosesa irin taka, ta gurbin AM4, ƙafafunta a jikinta suke, takan manne wa ƙarfen ta fizgo daga gurbinta, ƙafafun su lanƙwashe. Ka bar ta ta yi aiki minti goma ta yi ɗumi, ka kashe, ka murɗa ƙarfen hagu da dama a hankali sannan ka ɗaga.

Fankar gajera akwai. Kamfanin Noctua na da mai milimita 37, kamfanin Thermalright na da masu 36 da 47. Amma ba zan sa ka kashe kuɗi yanzu ba, domin gajeren ƙarfe ba ya fin dogo ɗaukar zafi, sarari kawai yake bayarwa. Huji tukuna.

Wahalar da ka sha wurin haɗawa kuwa, kowa ya sha ta. Ƙaramin akwati a waje ake haɗa kayansa: ka ɗora madabod a kan kwalinsa, ka sa furosesa, ram, SSD da fanka, ka kunna ka ga ta kawo, ka soka wayar baki takwas da 'yan wayoyin maɓalli, sannan ka zura shi gaba ɗaya.

Ɗan Gumel:

Ni dai tawa shekara biyu ke nan babu murfi, fankar tsaye na hura ta, ba ta taɓa ɗaukewa ba. Ka bar ta haka kawai, abokina, ka riƙa rufe ta da zani in ka tashi.

Tsohon Mai Gyara, Kano:

Ɗan Gumel, Allah ya ci gaba da tsare maka, amma taka a ɗaki take zaune, tasa kasuwa take zuwa. Ka san Gujungu ranar Lahadi: dabbobi, motoci, guguwa, yara masu tallan ruwa suna leƙe. Ni da hannuna na ciro tsaka a bushe daga cikin pawa ba sau ɗaya ba, na kuma ga zanzaro ya yi gini a tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya. In damina ta faɗi ga ƙwari, ga ɗigar kwano. Buɗewa ta gwaji ce, ta nuna mana cewa iska ce matsalar, ta gama aikinta.

Mai Sola Daga Ringim:

Sannu maƙwabci. Abin da Baba ya faɗa a kan iska ba ni da ja. Amma Baba, a yi min afuwa, ina so ya duba ɓangaren wuta ma kafin a ɗora wa pawa laifin duka, don na sha zuwa shaguna irin nasa a ce min kwamfuta ce, ashe inbata ce.

Wannan furosesa an rubuta mata wat 65, amma in aiki ya yi nauyi ana barin ta ta ja har 88. Haɗa madabod, hadis, da asarar da pawa ke yi, ka ƙara monita, kana wajen wat 120 zuwa 130 lokacin fitar da bidiyo. In batirinka mai bolt 12 ne da amfiya 100, lissafin takarda wat 1,200 ne na awa guda, amma batirin ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Ka ga kana da kamar awa huɗu zuwa biyar in babu rana, kuma wannan in batirin sabo ne. Wanda ya tsufa, da an ɗora masa nauyi ƙarfinsa ke faɗuwa, inbata ta yi ƙara ta yanke.

Rabe laifin pawa da na inbata ba wuya. Ran da ta ɗauke, monita da ƙwan shago sun mutu tare da ita? In sun mutu, inbata ce. In kwamfutar ce kaɗai ta yi shiru, monita na nan da 'yar fitilarsa, to maganar Baba ce.

Abu biyu kuma. Firintarka in mai hoda ce, kada ka buga takarda lokacin da bidiyo ke fita, don sa'ad da take ɗumama ƙarfenta takan ja ɗaruruwan wat a lokaci guda, ƙaramar inbata ba ta jurewa. Sannan ka duba jikin inbatar ko an rubuta cewa mai tsabtatacciyar wuta ce. Masu arahar nan wutarsu a kakkarye take fita, wasu pawa suna ƙugi a kanta suna ƙara zafi.

Na san wani zai ce ka sa 'yar pawar nan ta picoPSU mai cin bolt 12, ka jona kai tsaye da batir ka huta da inbata. Dabara ce mai kyau, tana rage asara, tana kuma fitar da zafin pawa daga akwatin. Amma kada ka yi ta da ka. Ta gama-gari bolt 12 ɗin da ka ba ta haka take miƙa wa madabod, batir kuwa in rana na caja shi yakan haura 14. Sai dai irin wadda aka yi don ta karɓi wuta mai hawa da sauka, ko a sa abin daidaitawa a tsakani.

In kana jin akwatin yana ɗan jan ka in ka taɓa shi babu takalmi, shagonka ba shi da wayar ƙasa. A kafa rodi a ƙasa mai danshi a jona. In hadari ya haɗo kuma, zare komai daga soket.

Malamar Kwamfuta, Wudil:

Ƙanina, sannu da ƙoƙari. Ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, kuma ni ke kula da kwamfutocin ɗakin gwajinmu. Da ka tambaya kafin ka sayar da ragon, da na ce ka nemi ƙananan nan na ofis na hannu, irin su Lenovo ThinkCentre Tiny, Dell OptiPlex Micro ko HP EliteDesk Mini. Girmansu bai fi lita ɗaya da ɗoriya ba, yawancinsu furosesarsu mai harafin T ce a ƙarshe, wat 35, kuma da caja irin ta laftof suke aiki. Don turi da hoton fasfo sun isa har sun yi yawa. Ba na ce ka sayar da taka ba, don a wurin bidiyo ta fi su nesa. Amma in Allah ya hore, ka sayi ɗaya ta zama ta kasuwa, wannan ta zauna a shago.

Abin da ya fi damuna hadis ɗin nan ne. A cikinsa faifai ne ke juyawa da allura a kansa, kana kuma ɗora shi a babur kowane mako a hanyar burji. Bidiyon bikin mutane ba a sake ɗaukarsa. Ka tabbata ta mutu gaba ɗaya kafin ka ɗaga ta, ba barci ka sa ta ba, ka naɗe ta da soson katifa, ka goya ta a bayanka maimakon ɗaure ta a kariya. Duk aikin da ba ka miƙa wa mai shi ba, ya zama yana wuri biyu.

Ram kuma, sanda ɗaya ka sa. Na'urar hoton 5600G ba ta da nata ma'aji, daga ram take ɗiba, kuma sanda biyu hanya biyu ce. Madabod ɗinka gurbi biyu gare shi, ka nemi ta biyu irin ta farko sak. Za ka ji bambanci wurin yanka bidiyo.

A BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga lokacin kunnawa, ka nemi inda ake sauke furosesar zuwa wat 45, AMD da kansu suka ba da wannan damar. Mu nan watan Afrilu da Mayu ana haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Masu gwada kayan nan a Turai a ɗaki mai digiri 22 suke gwadawa, duk lambar da suka faɗa sai ka ƙara mata kusan 20 kafin ta zama tamu.

Mai Turi Daga Taura:

Na gode, Allah ya bar zumunci. Yayana na Ringim, na tuna sarai: monita bai mutu ba, ƙwan ma yana ci, ita kaɗai ce ta yi shiru. Firintata mai tawada ce. Jan da ka ce kuwa gaskiya ne, nakan ji shi a gefen hannu, na ɗauka haka kowace take.

Baba, ban sa sabon mai ba, ban ma san ana sakewa ba. Na yi gwajin cingam yanzu, milimita 4 ya rage. Tambayata raga: ta sauro ta isa? Ƙurar hunturu nake tsoro.

Tsohon Mai Gyara, Kano:

Milimita 4, ka ga ba ta numfashi ke nan. Ragar sauro ta tagogi za ta tare ƙwari da tsaka da ƙaiƙayi, amma ƙurar hunturu gari ce, wucewa za ta yi. In Disamba ta zo ka shimfiɗa yankin safar mata mai shara-shara a kan ragar, sanyin lokacin zai rama iskar da ta rage maka. Da bazara ka cire, ka bar raga kaɗai. Kowace Juma'a ka kakkaɓe. Wata wata ka fitar da ita waje ka hure da bulowa, kana riƙe da fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa, kuma ba da baki ba, saboda yawu. A hunturu kafin ka taɓa ram ko madabod ka fara taɓa ƙarfen akwatin, wannan tartsatsin da kake ji in ka cire rigar sanyi yana kashe kaya. Kuma ɗana, kada ka buɗe ta daren Asabar, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara ran Litinin, in wani abu ya ƙi kana da kwanaki.

Mai Turi Daga Taura:

Assalamu alaikum. Na yi kwana goma shiru don ina so in gwada sosai kafin in dawo muku da labari.

Ranar Lahadi na tafi da murfin kasuwa, ita kuma na lulluɓe ta na bar ta a gida, ranar hoton fasfo kawai na yi da waya. Mai waldar ya so ya ƙona hujin da wuta, na roƙe shi ya yi da dirila, don na ga yadda wuta ke lanƙwasa ƙarfe marar kauri. Huji 60 da wani abu ya yi a cikin da'irar, ya goge, na biya shi, na wanke murfin da omo a gida na shanya. Ragar tagar aluminiyam na yanka na ɗaure ta ciki da ƙananan noti huɗu. Wani ɗan'uwana direba ya taho min da man furosesa da fanka mai santimita 6 daga Kano.

Ran Litinin bayan sallar asuba na zauna, kafin rana ta ɗaga. Na kunna ta minti goma kamar yadda Baba ya ce, na kashe, na murɗa ƙarfen a hankali, ya rabu lafiya, furosesar na zaune a gurbinta. Da na ga ƙasan ƙarfen na fahimci maganar: man ya taru a gefe ɗaya ya bushe, kusan sulusin fuskar babu komai. Na goge, na ɗiga sabo, na ɗaure a gicciye. Wayar nan mai baki 24, mai kauri kamar igiyar guga, ita ce ta fi ba ni wuya. Na lanƙwasa ta a hankali ta bi bango, na ɗaure da maɗauri uku. Wayar hadis da ta yi tsawo na naɗe ta na tura ƙarƙashin pawa. Yanzu in ka leƙa ta hujin gefe kana hango ɗaya gefen.

Wat 45 ɗin da Malama ta ce ya ɓoye a can cikin BIOS, sai da na yi ta shiga ina fita kafin na same shi.

Ga abin da na gani. Na aro ma'aunin zafi na rataya a shago, ran Laraba ƙarfe biyu ya nuna 41. Na sa bidiyon saukar nan mai minti 40, wanda ya kashe ta sau biyu, murfi a rufe, babu fankar tebur. Furosesa ta hau 81 ta tsaya nan. Fankar pawa ta daina ihu, iskar da ke fita ta gefe da ɗumi amma hannu na jurewa. Aikin ya ƙara kamar minti uku a kan yadda yake yi da dare a wat 65, kuma ya kammala. Na maimaita sau biyar a kwana huɗu, ko sau ɗaya ba ta ɗauke ba. Na kai wa malamin islamiyyar bidiyonsa har gida, na ba shi haƙuri, ya sa min albarka, ya kuma ce walimar ɗalibai mata da za a yi bayan salla ni zan ɗauka.

Rodi ma an kafa a bayan shago inda ruwan alwala ke zuba, jan ya ɓace. Malama, na sayi soso, a bayana nake goya ta yanzu, kuma duk bidiyon da ban miƙa ba yana SSD yana hadis. Sandar ram ta biyu sai kaka in Allah ya kai mu. Na rubuta lambar ta farko a takarda na sa a aljihun jakar don kada a ba ni wata daban.

Saura abu ɗaya da ban gane kansa ba. SSD ɗin da ke bayan madabod, in ina kwafe manyan fayil zuwa wayoyin mutane a jere, yana kaiwa digiri 72, iskar sabuwar fankar ba ta isa can. Na ji ana manna wani ɗan laushin abu mai ɗaukar zafi tsakaninsa da ƙarfen ƙasan akwati, ƙarfen ya riƙa shanye zafin. Na zura tsinke na auna, tazarar wajen milimita 3 ce. Baba, in sayi mai kaurin 3 daidai, ko mai ɗan fin haka don ya matsu? Kuma sai na sake kwance madabod gaba ɗaya, ko akwai yadda ake zura shi ta gefe?